Yadda za ku gyara tsarin raba faɗa a dandalin da 'yan sa kai ke riƙe da shi

Duk wani dandali na intanet da 'yan sa kai ke ɗauke da shi, ko na masu rubuta kundin sani ne ko masu haɗa manhaja ko masu fassara ko guruf ɗin masu sana'a ɗaya, akwai ranar da zai wayi gari ya tarar hanyar da yake bi wajen raba faɗa ta daina aiki. Da kuna ku ashirin kowa ya san kowa, in biyu suka saɓa wanda ya kafa wajen zai ja su gefe ya ba su baki magana ta mutu. Yanzu kun kai dubbai, wanda ya kafa wajen ya gaji ko ya yi gaba, admin uku ne ke ɗauke da komai a kansu, ƙorafi sai ya yi wata biyu ba wanda ya ce uffan, kuma abin da ya fi min ciwo shi ne mutanen kirki ba sa tsayawa cacar baki, shiru kawai za ku ji, ashe sun tattara sun bar muku wajen, sai masu baki da masu lokaci su yi saura.

In aka zo nan abin da aka fi saurin yi shi ne a ƙara doka, shafi biyu ya koma goma. Ni kam ba daga nan zan ce ku fara ba. Wanda aka ɓata wa rai abu uku yake nema, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya san yaushe za a amsa masa, ya san inda zai nufa in hukuncin bai yi masa ba. Kuma duk ukun nan za ku gina su ne da lokacin mutanen da ba albashi ake ba su ba, masu aikin yi da iyali, waɗanda sai dare ya yi suke samun awa ɗaya su leƙo. Duk tsarin da ya manta da wannan a takarda kawai zai yi kyau.

Ku fara da tono tsofaffin rigingimu

Kafin kowa ya rubuta shawara ko layi ɗaya, mutum biyu ko uku su zauna su kwaso duk rigimar da aka kawo gaban admin a shekarar da ta wuce, in sun yi yawa su ɗauki talatin na ƙarshe. Ba don a sake shari'a ba fa, wannan ku faɗe shi a fili tun farko, in ba haka ba tsohon miki za ku fama. Kowace ɗaya a rubuta ranar da aka kawo ta, ranar da wani ya fara amsawa, ranar da aka rufe in ma an rufe ɗin, waye ya yanke, me aka yanke, sannan a duba mutanen da suka yi rigimar, har yanzu suna nan ko ɗaya ya ɓace. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa kuma shi ya fi faɗin gaskiya, don in kuka ga kullum wanda ya kai ƙara ne ke barin wajen, wanda aka kai ƙara kuwa yana nan daram, toh kun san wanda tsarinku yake yi wa aiki.

Kuna iya shiga da tunanin hukuncinku ne ya yi tsauri ko ya yi sako-sako, sai ku tarar yawancin ƙorafin ko gaban hukunci ba su kai ba, a hanya suka mutu saboda ba wanda ya ɗauka. Ko ku tarar sunaye huɗu ne kawai ke ta maimaituwa. Ko admin ɗaya ne ke rufe kusan komai, ranar da ya kwanta ciwo shikenan komai ya tsaya. Kowanne cikin waɗannan maganinsa daban, shi ya sa nake cewa kar a rubuta magani kafin a ga ciwon. In da hali ku tura wa wasu daga cikin waɗanda suka daina zuwa saƙo a inbok, tambaya ɗaya tak, me ya sa muka daina ganinka, kuma in ya amsa kar ku kare kanku, ku yi godiya ku rubuta.

Ba kowace rigima ce iri ɗaya ba

Daga nan sai ku raba su gida-gida. Akwai saɓani kan aiki, wato wace kalma za a sa, wane tsari za a bi, wannan bayanin ya shiga ko kar ya shiga. Akwai matsalar hali, zagi, gori, bibiyar mutum duk inda ya yi rubutu, taron dangi. Sannan akwai abin da ya wuce rigima ya zama haɗari, barazana ga rai, fallasa adireshin mutum ko hotunansa, neman lalata da yara.

Wikipedia ta Turanci ta daɗe da raba na farko da na biyu. Kwamitin yanke hukuncinta, wanda Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya kafa a Disamba 2003, ba ya cewa ga abin da za a rubuta a maƙala, halin masu rubutun kawai yake dubawa, abin da za a rubuta kuma jama'a ne ke daddalewa a tsakaninsu. Hikimar a bayyane take, in wanda ke da ikon korar mutum shi ne kuma ke yanke waye ya fi gaskiya a kan aiki, toh duk wanda ya saɓa masa a ra'ayi zai ji wuyansa na kan wuƙa, daga nan mutane su daina faɗin abin da ke ransu. Kuma mutum zai iya zama shi ke da gaskiya a kan aikin amma bakinsa ya jawo masa hukunci, wannan ku rubuta shi ƙarara, don a nan manyan ma'aikatan dandali ke samun mafaka, a ce ai wane ya yi mana aiki da yawa a ƙyale shi. Ku ƙirga sababbin da ya kora da bakinsa tukunna kafin ku ce ya yi aiki.

Kashi na uku kuwa ba ya bin layi. Adireshin imel na sirri, mutum biyu ko uku amintattu, a ɓoye abin nan take, a dakatar da mai shi, bayani ya biyo baya, in abin ya kai a shawarci wanda abin ya shafa ya kai wa hukuma. Kar ku taɓa cewa wadda aka yi wa barazana ta zo ta baje hujjarta a bainar jama'a.

Matakala, kuma matakin ƙasa ya zama mai sauƙi

Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda al'ummomi ke kula da abin da suka yi tarayya a kansa, makiyaya, wuraren kamun kifi, ruwan ban ruwa, ba tare da wani ya zo daga sama ya tsara musu ba. Cikin abubuwan da ta ga suna maimaituwa a wuraren da suka ɗore akwai hanyar sasanta saɓani mai sauri mai araha, da hukunci mai hawa-hawa, da kuma cewa waɗanda dokar za ta hau kansu suna da baki wajen tsara ta. Dandalin 'yan sa kai ma haka yake, kayan kowa ne, kuma ba ɗan sanda.

Saboda haka ku shimfiɗa matakai. Na farko su biyun su yi magana da juna, amma ku sa masa iyaka, kar ya zama hujjar da za a riƙa korar mai ƙorafi da ita ana cewa je ka ku sasanta, alhali wanda ake tura shi wajensa shi ne ke cin zarafinsa. In magana ta ƙi, mataki na biyu a kira mutum na uku da ba ruwansa da rigimar ya faɗi ra'ayinsa, ba hukunci ba, ra'ayi kawai. Wikipedia na da irin wannan don saɓanin da ke tsakanin mutum biyu, kuma wallahi rigima da yawa a nan take mutuwa, don sau tari abin da mutum ke so shi ne wani ya karanta abin da ya rubuta da idon basira ya ce na gane abin da kake nufi amma ga inda ka kauce. Na uku mai shiga tsakani. Na huɗu kwamiti mai ikon yanke hukuncin da ya zama dole a bi.

Ku kuma sa wasu layuka da ba sa buƙatar muhawara. Misali a Wikipedia ba a yarda mutum ya mayar da gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ba, in ya wuce za a iya dakatar da shi ko da shi ke da gaskiya. Amfanin irin wannan doka shi ne admin ba sai ya karanta tarihin rigimar gaba ɗaya ba, ƙirge kawai zai yi, wuta ta lafa, sannan a zauna. Amma kar su wuce biyu ko uku, kuma ku sani masu wayo za su riƙa tsayawa daidai bakin layin, su yi uku yau su jira gobe, don haka ku rubuta cewa wasa da layin ma laifi ne.

Maganar shiga tsakani akwai abin lura. Tana aiki ne kawai in duka ɓangarorin sun yarda su zauna, wanda yake ganin yana cin nasara a halin da ake ciki kuwa me zai kai shi. Wikipedia ta Turanci ta taɓa samun kwamitin sulhu na musamman tun 2003, amma jama'a suka rufe shi a 2018 bayan ya zama kusan ba ƙarar da yake karɓa har ta kai ƙarshe. Abin da zan ce ku ɗauka a nan, ku ba sulhu wa'adi, kamar sati biyu, in ɗaya ya ƙi zuwa ko ya yi ta jan ƙafa maganar ta haura sama da kanta, kuma a rubuta a fayil ɗin waye ya ƙi zama. Abin da aka faɗa a zaman sulhu kuma kar a ɗauko shi a yi hujja da shi a gaban kwamiti, in ba haka ba ba wanda zai ce na yi kuskure a can.

Ƙofa ɗaya da agogo

Yanzu a yawancin wurare wani inbok ɗin admin zai shiga, wani ya yi fostin a fili, wani ya kira abokinsa da ke cikin manya, kuma wanda ya san manyan shi ake fara saurara. Ku toshe wannan. Waje ɗaya za a kai ƙorafi, da fom gajere, me ya faru, ina mahaɗin ko sikirinshot, me ka gwada kafin ka zo, me kake so a yi. Tambayar ƙarshen nan kar ku raina ta, da yawa za su ce ni dai ya daina ambato na, ko a goge abin da ya rubuta a kaina, abin da za a gama cikin minti goma ba tare da an kori kowa ba. Admin da aka same shi ta bayan fage ya ce na ji, amma ka sa a fom, ko ya sa da kansa ya rubuta cewa ta wajensa ta zo.

Ku sa iyakar kalmomi. Kwamitin Wikipedia kalma 500 yake ba mutum a bayanin neman a buɗe ƙara, kuma dalilin a fili yake, mai dogon rubutu yana gajiyar da kowa har a bar masa, ba don ya fi hujja ba. Sikirinshot kuma a nemi abin da ke gabansa da bayansa, guntun hoto yana iya mayar da wanda aka tsokana ya zama shi ne mai laifi.

Sai agogo. Ni shawarata cikin kwana uku a ce mun gani, ga wanda ke riƙe da maganarka, cikin sati biyu a yanke ƙaramar magana, babba kar ta wuce wata ɗaya da rabi. Ku daidaita da ƙarfinku, gara ku ce sati uku ku cika da ku ce kwana biyu ku saɓa. Abu mafi muhimmanci shi ne ku rubuta abin da zai faru in wa'adin ya wuce, ta koma hannun wani, ko ta haura mataki na gaba, kuma kowace ƙara ta zama da sunan mutum ɗaya a kanta, don ƙarar da aka ce ta kwamiti ce gaba ɗaya kowa zai zaci ɗan'uwansa ya duba.

Su waye za su yanke

A nan gyara da yawa ke lalacewa, don a nan iko yake. Dogaro da mutum ɗaya yana aiki har ranar da ya gaji. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, shi ke da maganar ƙarshe shekara da shekaru, sai a Yuli 2018 bayan wata zazzafar muhawara kan wani sabon tsari da aka shigar cikin yaren ya ce ya sauka, bai kuma naɗa magaji ba. Sai da masu aikin suka yi watanni suna tattauna tsarin mulki iri-iri kafin suka zaɓi majalisar mutum biyar da ake zaɓa da ƙuri'a. Su sun ci sa'a sun haye lafiya, ku kar ku jira sai naku ya ajiye.

Adadin 'yan kwamiti ya zama mara, biyar ko bakwai sun ishi matsakaicin dandali, Wikipedia da girmanta kujeru 15 ne. Zaɓe da ƙuri'ar sirri, don a ƙuri'ar fili mutane na tsoron ƙin wanda gobe zai iya yi musu hukunci. Wa'adi shekara ɗaya ko biyu, kuma kar duka su sauka lokaci guda, rabi su fita rabi su tsaya su koya wa sababbi. Ku sa iyakar zango. Debian, masu haɗa ɗaya daga cikin tsofaffin tsarin Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suna da kwamitin fasaha da ke raba gardama, a da ba wa'adi a kujerunsa, sai bayan rigimar 2014 kan wata manhaja mai suna systemd, rigimar da ta sa wasu 'yan kwamitin suka ajiye aiki aka kawo iyakar wa'adi. Wanda ya daɗe a kujerar raba faɗa ko shi waliyyi ne ya tara abokan gaba da abokan arziki, kuma ya fara ganin fuska kafin ya ga hujja.

Dokar janye jiki kuma ba wasa. Wanda rigimar ta shafa, ko abokinsa ne na kusa, ko sun taɓa yin kaca-kaca da ɗaya daga cikinsu, ya koma gefe, kuma kowane ɓangare na da damar ya nemi wani ya janye, sauran 'yan kwamitin su duba. Admin da aka zaga ba shi zai yi bulokin wanda ya zage shi ba, ya kira wani. Na san wannan yana da ɗaci, ana zaginka maɓallin yana hannunka, amma ranar da ka danna da kanka ka ba shi labarin da zai yi ta yawo da shi cewa an zalunce shi, kuma wasu za su yarda.

Hukunci

Tsakanin gargaɗi da kora har abada akwai fili babba da yawancin admin ba sa amfani da shi. Akwai jan kunne a sirri, jan kunne a fili, dakatarwa ta kwana ɗaya, ta sati, ta wata, akwai hana mutum taɓa wani fanni guda ya ci gaba da aiki a sauran, akwai raba mutum biyu a ce kar wanda ya sake ambaton wani ko amsa masa, akwai karɓe muƙami a bar shi a matsayin memba. Hanin fanni ɗin nan ina ganin shi ya fi kowanne amfani, don akwai mutane da yawa masu hankali a komai sai in an taɓo abu ɗaya, siyasa ko addini ko wani aikin da suke ji kamar ɗansu ne, ka raba su da wannan ka samu ma'aikaci nagari.

Kafin a yanke a ji ta bakin wanda ake ƙara, ko da abin a bayyane yake. In ana tsoron ɓarna a dakatar da shi na wucin gadi a gaya masa cewa wannan ba hukunci ba ne tukunna. Saƙon hukuncin kuma a rubuta shi kamar mutum ake yi wa magana, kusan haka: "Ranar Talata a tattaunawar kaza ka kira wane maƙaryaci sau biyu bayan an roƙe ka ka daina, ga mahaɗin. Wannan ya saɓa wa sashe na uku na ƙa'idarmu. Mun dakatar da kai sati ɗaya, zai ƙare ranar kaza. Ba mu ce ra'ayinka kan aikin kuskure ba ne, in ka dawo kana iya ci gaba da kare shi. In kana ganin ba mu yi daidai ba ga inda za ka ɗaukaka ƙara." Ku duba babu kalmar da ta siffanta shi, ba a ce shi fitinanne ba ne, abin da ya yi aka faɗa. Kuma kar ku tilasta wa kowa ba da haƙuri a fili, haƙurin dole ba ya gyara komai, sai ƙara ƙullaci.

Ɗaukaka ƙara, da wanda zai tsawata wa masu tsawatarwa

Wanda ya yanke ba shi zai saurari ɗaukaka ƙara ba, ko da dandalin ƙarami ne ku ware mutum biyu ko uku daban. Ku faɗi dalilan da ake karɓa, sabuwar hujja, ko an tsallake ƙa'ida, ko hukuncin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba, sau ɗaya ake ɗaukakawa, in an ƙi sai bayan wata shida. Wanda aka kora ma a bar masa hanyar dawowa in ya nuna ya gane abin da ya yi.

Sai babbar tambaya, in ƙarar a kan shugabannin ce fa. A Nuwamba 2021 duka tawagar masu kula da ɗa'a ta aikin Rust, wani yaren rubuta manhaja, suka ajiye aiki rana ɗaya, suka ce babbar tawagar da ke jagorantar aikin ba ta amsa wa kowa sai kanta, ba yadda za su yi su aiwatar da ƙa'ida a kanta. Sai da aka sake fasalin shugabancin gaba ɗaya, aka kafa sabuwar majalisa a 2023. Ku rubuta tun yanzu da ake zaman lafiya, in an kai ƙarar admin wa zai duba, in ɗan kwamiti ne wa zai duba, in wanda ya kafa wajen ne fa. A Debian membobi na iya soke hukuncin kwamitin fasaha da ƙuri'a in suka samu rinjayen biyu bisa ɗaya, wato ƙofar tana nan amma an yi ta da nauyi yadda ba kullum za a riƙa bankaɗa ta ba. Irin wannan nake so ku kwaikwaya.

Me za a bayyana, me za a rufe

Ƙa'ida a fili, hukunci a fili, dalili a taƙaice a fili. Sunan mai ƙorafi a maganar cin zarafi, da hujjar da ta ƙunshi sirrin mutum, da muhawarar 'yan kwamiti a tsakaninsu, waɗannan a rufe. Abin da ba zai yiwu ba shi ne dokar ɓoye. A Yuni 2023 masu kula da shafukan tambaya da amsa na Stack Exchange, waɗanda 'yan sa kai ne, sun tafi yajin aiki, kuma cikin manyan koke-kokensu akwai cewa kamfanin ya ba su umarni a sirri kan rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta yi, wanda ya sha bamban da abin da aka sanar wa jama'a, aka bar su suna aiwatar da abin da ba su da ikon bayyanawa. Duk wata uku ko shida ku fitar da ɗan rahoto, ƙorafi nawa suka shigo, nawa aka rufe, kwana nawa suka ɗauka, nawa aka ɗaukaka, nawa aka sauya. In ba a taɓa sauya hukunci ko ɗaya ba ku binciki hanyar ɗaukaka ƙarar taku, da wuya a ce mutane ba sa kuskure.

Yadda za ku shigar da gyaran ba tare da ya zama sabuwar rigima ba

Kar ku kawo shi ana tsakiyar faɗa, kowa zai karanta shi ne yana lissafin wa zai ci wa zai faɗi. Ku bari ƙura ta lafa. Ku fara da nuna abin da kuka tono a matakin farko ba sunaye, a yarda cewa akwai matsala tukunna, sannan a zo maganar magani. Cikin masu rubuta daftarin ku sa admin mai ci, da sabon memba, da wanda aka taɓa hukuntawa ya dawo ya zauna lafiya, wannan na ƙarshen ya san inda takalmin ke matsi fiye da kowa. Admin ɗin da ke kai yanzu kuma kar a mayar da su abokan gaba, mutane ne da suka yi shekaru suna kwasar zagi kyauta, in suka ji gyaran tuhuma ce za su tare hanya, kuma suna da ƙarfin tarewa.

Ku kawo shi gunduwa-gunduwa, kowane sashe da ƙuri'arsa, don in kuka dunƙule shi wanda ya ƙi abu ɗaya zai ƙi duka. Abu mai girma yana cin lokaci, ƙa'idar ɗa'a ta bai ɗaya ta Wikimedia, uwar ƙungiyar Wikipedia, an amince da ita a ƙarshen 2020, amma hanyar aiwatar da ita sai da aka kai ta ƙuri'a a 2022, aka gyara aka sake kaiwa a 2023. In membobinku yare daban-daban suke ji a fassara daftarin kafin ƙuri'a, ba bayanta ba. Ku ce gwaji ne na wata shida ko shekara, da ranar da za a dawo a duba, mutane sun fi yarda da abin da suka san za a iya warwarewa. Sabuwar doka kuma daga ranar da aka amince take aiki, ba a waiwaye da ita.

Su ma masu raba faɗan a kula da su. A yi karɓa-karɓa, wanda ya riƙe ƙofa wannan watan ya huta wata mai zuwa, mai son hutu ya tafi ba sai ya ba da dalili ba, hukunci ya fita da sunan kwamiti don kar a tasa mutum ɗaya a gaba, wanda ya bi ɗan kwamiti inbok da zagi saboda hukunci wannan sabon laifi ne mai zaman kansa. Ku tanadi rubutattun amsoshi na abubuwan da ke yawan dawowa, sabon shiga kuma ya bi tsoho a ƙara biyu ko uku kafin a sakar masa.

Ranar dubawa in ta zo ku ɗauko jerin nan da kuka rubuta lokacin tono tsofaffin rigingimu ku cika shi da sababbin ƙararraki, tambayoyin ba su canza ba, kwana nawa kafin a amsa, kwana nawa kafin a rufe, waye ya tsaya waye ya tafi. Matakin da kuka ga ba wanda ya bi ta kansa ku tambayi dalili, in ba a san da shi ba ne a tallata, in ba ya aiki ne a cire shi, kar a bar mutane suna kai ƙara inda ba kowa. Wa'adin da kuka kasa cikawa sau da yawa kuma ko ku ƙara hannu ko ku tsawaita shi ku sanar, sannan ku sa ranar dubawa ta gaba kafin a tashi.